Ƙarfe Huɗun Gida da Ƙarfe Huɗun Faransa

Shekara hamsin da biyu ina gyaran agogo a Meknes, a ɗan shagona da ke bayan layin masu zaitun, ban taɓa zaton za a kawo mini ajiyar duniya guda ba. Jikata Wi'am, wadda ke kirana Ba Sidi, ita ce ta kawo ta a tasi, cikin kwali, tana haki.

"Ba Sidi, ɗakinka na baya akwai sanyi, kuma intanet ɗinka ya fi na gidanmu. Ara mini kusurwa ɗaya."

"Me ke cikin kwalin?"

"Saba."

"Tana cizo?"

"In ka taɓa ta, ni zan cije ka."

Baƙin akwati ne mai fanka uku da 'yar fitila shuɗiya, wata irin kwamfuta da ake haɗuwa a cikinta ta intanet. Wi'am shekarunta ashirin da biyar, ta yi karatun kwamfuta, ni kuwa aji uku na yi aka cire ni, don haka a hankali ta yi mini bayani. Su arba'in da uku ne, shekara shida suna wani wasan kwamfuta tare, inda ake ba mutum fili ya sare itace, ya haƙa rijiya, ya gina gida kusa da na abokansa. Rabinsu suna nan gida, rabi neman abinci ya kai su Faransa da Beljiyam. Wanda ke riƙe musu tsohuwar duniyar a na'urarsa ya yi aure, ya kashe ta. Tun daga ranar aka fara watsewa, wannan ya koma wani wasa, wancan ya daina amsa saƙo.

"In aka ƙara wata ɗaya haka, shi ke nan, ba za mu sake haɗuwa ba," in ji ta. "Na yi musu alkawarin sabuwar ƙasa. Ƙofa za ta buɗe wa kowa lokaci ɗaya, ba wanda zai riga wani."

Mako uku tana shiri. Tana tashi daga aiki sai shago. Ta share ƙurar ɗakin, ta sayo batir saboda ɗaukewar wuta, ta rubuta dokoki goma sha ɗaya, ta goge huɗu. Ta kwafi duniyar ta ajiye a wani faifai dabam, wai ko da gobara. Ta kuma kulle na'urar yadda ba za ta sauya komai da kanta ba, don kada a wayi gari wani abu ya lalace.

Ni dai kallo nake yi. Ƙasar da ke kan allon ba kowa a cikinta sai tumaki, da kogi mai lanƙwasa biyu, da wani tsauni da ya yi kama da hular liman. Abin da ya fi ɗaure mini kai rana ce. Na ɗauko agogon aljihuna na auna: daga fitowarta zuwa sake fitowarta minti ashirin cif. Na zauna ina lissafin shekarun da zan kai da a can aka haife ni, har shayina ya huce. Na tambayi Wi'am ko tumakin suna ci gaba da kiwo in ba mai kallonsu. Ta ce a'a, tsayawa suke yi cak. Wannan magana ta kwana biyu tana damuna.

Ta sanar da su ranar buɗewa: Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma. Ita ce Lahadin ƙarshe kafin azumi, wadda muke mayar da agogo baya da awa ɗaya, mu koma tsohon lokaci. A shekara ba ranar da nake shan aiki kamarta, tsofaffin unguwa suna ta shigowa da agogon bango a hammata. Na juya allurar agogo ta fi talatin a ranar, amma ko sau ɗaya ban tuna da baƙin akwatin da aka hana sauya komai ba.

Wi'am ta raka mahaifiyarta sayen dabino da riɗi. Ta shigo huɗu saura kwata tana murna ta zo da wuri, ta kunna allo, sai na ji ta ce, "Wayyo Allah."

Mutum ashirin ne a ciki. Na'urar tana kan sabon lokaci, wanda ya yi daidai da agogon Faransa, ta buɗe ƙofa tun ƙarfe uku namu. 'Yan waje sun shiga a kan huɗunsu, sun kama bakin kogin kaf, har an kafa shinge. Da huɗun gida ta buga, 'yan gida suka shigo suka tarar ba abin da ya rage sai duwatsu da fadama.

Ta buɗe lasifika, muryoyi suka cika shagon. Biyu suka fi tashi. Ɗaya Zuhair, direban bas a Lille ta Faransa. Ɗayan Mu'az, mai gasa kaji a Kenitra, nan gida.

"An ce huɗu, na zo huɗu!" in ji Zuhair. "Laifina ne ƙasarku tana wasa da agogo kamar ƙwallo?"

Mu'az ya ce, "Ƙasarku? Kai, ɗan unguwar Bab Mansur ta Meknes, yaushe ta zama ƙasarmu? Kun saba, ku zo da rani da motar haya ku cinye mana bakin teku, yanzu kogin ma ba ku bari ba!"

"To zo in ba ka aikin gadi a gonata, kaza biyu a wata."

Mu'az ya ce, "Wi'am, ai mun gane. An sayar da mu. Ni na fita, duk ɗan gida ya biyo ni."

Na ga sunaye suna ɓacewa daga gefen allo, ɗaya, biyu, biyar. Wi'am tana cewa, "Ku tsaya, kuskurena ne, wallahi kuskurena ne," ba mai jin ta. Ta dafe baki da hannu. Rabon da in ga fuskarta haka tun tana 'yar shekara bakwai, ranar da tsuntsunta ya tsere daga keji.

Na jawo kujera na matsa kusa da makirfo. Ban san inda ake danna ba, ita ta danna mini.

"Assalamu alaikum. Ni ne kakan mai gidan."

Sai wani ya ce, "Wa alaikumus salam, Ammi," wato baffa, sauran suka bi.

"Zuhair, ka zo huɗu, gaskiyarka. Mu'az, kai ma ka zo huɗu. Ni mai gyaran agogo ne, akwatin nan yana bayana taku uku, na gyara agogon unguwa duka na manta da shi. In akwai wanda za a zaga, ga ni."

"Haba Ammi, wa zai zage ka," in ji Mu'az.

"To a share ƙasar a sake. Wi'am tana da kwafinta tun tumaki ba su ga mutum ba."

"Ammi, na gina hasumiya fa," in ji Zuhair. "Awa guda ina jera dutse."

"Na gan ta, ɗana. A karkace take. Da a unguwarmu ce da tuni an kwashe yara daga gindinta."

Dariya ta ɓarke, har da waɗanda ke shirin fita. Mu'az ya fi kowa. Zuhair ya yi ta rantsuwa cewa da gangan ya karkata ta, haka ake yayi a Turai. Da dariyar ta lafa sai ya ce, "Na yarda. Amma ban ƙara yarda da agogon na'ura ba, ban yarda da na waya ba, balle na Mu'az. Ammi ne agogon. Lahadi mai zuwa ya je sallar la'asar, in ya dawo ya yi mana sallama a makirfo, sai a buɗe."

Mu'az ya ce shi zai kira biyar ɗin da suka fita. Wi'am ta share ƙasar a gabansu, hasumiya da shinge duka.

Lahadi ta zo, muna azumi. Na yi sallah, na fito da niyyar miƙewa shago kai tsaye. To, a kan hasumiyar masallacin akwai shamuwa biyu suna gyaran sheƙa, ɗaya ta ɗauko takalmin roba na yaro, ja, tana neman inda za ta sa shi. Ta ajiye nan, ta ɗauke, ta ajiye can. Abokiyar zamanta ta ture shi, ta sauka ta sake ɗaukowa. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba sai da na ji an kama hannun jallabiyata.

"Ba Sidi! Mutane a ƙasa uku suna jiranka, kai kana nan kana kallon tsuntsu!"

"Dubi takalmin, 'yar nan."

"Na gani. Taho."

Tun daga ƙofar shago nake jin su. Mu'az yana cewa ƙila liman ya ja doguwar sura, Zuhair yana cewa a la'asar? Kai ka taɓa shiga masallaci kuwa? Wi'am ta zaunar da ni, ta nuna mini gefen allo da yatsa. Na ƙirga sunayen da kaina, a hankali, yadda nake ƙirga haƙoran ƙafar agogo. Arba'in da uku.

Na gyara murya na yi sallama. Ta danna. Suka kwarara cikin filin gaba ɗaya suna ihu, tumaki suka watse, Zuhair da Mu'az suka nufi lanƙwasa ɗaya ta kogin kafaɗa da kafaɗa, kowa yana ce wa ɗan'uwansa ya kauce.

Wi'am ta jingina da kujera, ta saki dogon numfashi, ta ɗora kanta a kafaɗata.

"Ja ne fa takalmin," na ce mata.

"Yi shiru, Ba Sidi, makirfo a buɗe yake."