Albasar Kawu Sanusi a Ɗakin Mata

Ai an kwashe ta! Wallahi an kwashe albasar nan, ko ɓawo ba a bari ba. Kuma Husna matar Nafi'u ce sila, Husnar da in ka gaishe ta sai ta dubi ƙasa kafin ta amsa. Ku tsaya ku ji yadda anka yi.

Masallacin unguwar su Husna a Danwarai yana da ɗakin mata, jingine da bangon baya. Mata sunka ɗebo ruwa da yashin gininsa a kai, da goyo a baya. To bana albasa ta yi albarka, rumbuna sunka cika. Sai Kawu Sanusi, shugaban kwamitin masallaci, ƙanen uwar Nafi'u, ya jibge ragowar tasa a ɗakin. Wai ɗakin na shan iska, kuma ai mace sallarta a gida ta fi lada.

Azumi ya kama, anka ɗauko Malam Habibullahi daga Jega shina tafsiri bayan Azahar. Ita Husna karatunta bai yi nisa ba, tafsirin nan shi ne makarantarta. Mata sunka fara shimfiɗa tabarmi a waje, bakin hanya, inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Nafi'u ya ce shi matarsa ba ta zama nan. Ko ɗaki, ko gida.

Inna Kyauta, tsohuwar unguwa, ta je roƙo. Kawu ya shafa gemu ya ce, "To ku shiga, Inna. Amma albasar da ta fara taɓuwa ku yayyanka a shanya. Hannu na aiki, kunne na saurare, lada biyu ke nan."

"Lada biyu gare mu, albasa gare ka," in ji Inna. Amma sunka shiga, don babu yadda za su yi.

Ku dubi abin: zafin rana, bakin azumi, ɗaki ƙunshe da mata da wuƙaƙe. Ido na ruwa, hanci na ruwa, wannan ta ja majina, waccan ta fyace. Mufida, ɗiyar Husna, ta tsanyare da kuka a baya. Husna na son ta ji inda mai jan baki ya tsaya, yaji ya hana ta.

Ashe ta ƙofofin iskan bango Malam na jin shessheka. Ran nan ana cikin ayoyin hisabi sai ya dakata ya ce wa maza, "Ku ji kunya! Ga iyayenku mata can suna kuka don tsoron Allah, ku kuna gyangyaɗi." Ya ce shi sai ya je ya yi masu addu'a. Ya tashi, dattawa sunka biyo shi, Kawu Sanusi na gaba shina sauri. Kafin su iso Kawu ya saki labulen ƙofa ya tsaya a bakinsa.

Malam ya yi sallama daga waje ya ce, "Bayin Allah, wace aya ce ta taɓa ku haka?"

Kawu ya yi caraf, "Allah gafarta Malam, ai haka suke kullum, zuciyarsu da taushi. Ga kunya, ba su magana gaban maza."

Husna ta san Nafi'u na cikin taron. In ta kunyata kawunsa, mai yiwuwa ita da tafsiri har abada. In kuma ta yi shiru, Malam ya shafa addu'a ya koma, su ci gaba da yanka har Sallah. Ta goge ido da bakin hijabi, abin ya ƙara yaji.

"Allah gafarta Malam," in ji Husna. "Ba aya ba ce. Albasa ce. Mu ko fassarar ba mu ji ba, don Allah a maimaita mana."

Inna Kyauta ta sa sandarta ta ɗage labule. Warin ya bugi Malam, sai atishawa. Ya dubi tulin albasa, ya dubi wuƙaƙe, ya dubi Kawu. Can ya ce, "Ni na yi laifi da ban taɓa zagayowa ba." Ya ce ba a buɗe littafi sai ɗakin ya koma na masu shi.

Wayyo, da kun ga maza da buhuna a kai, da azumi, gumi na zuba! Nafi'u ma ya ɗauka. Da ya zo wucewa kusa da Husna fuskarsa a murtuke, ta ce a ranta shi ke nan, ta jawo wa kanta. Sai ya rage murya ya ce, "Ke, ashe kina da baki? Gobe ki fito da wuri ki samu kusa da bango."

Washegari Malam ya koma baya, ya maimaita ayoyin tun daga farko.

Don Allah wadda ta ji ta gaya wa wata, har ya kai ga matan garin Mungadi. An ce su nasu ɗakin buhunan taki ne a ciki.