Minti Uku a Gidan Waya

Saura kwana shida jirgin alhazai ya tashi daga Kano, kuma Malam Mani mai fata ya nemi gafarar kowa a unguwarsu, Ƙofar Atiku. Saura Jinaidu, abokinsa tun ajin farko na makarantar Midil, wanda ke malanta a Zariya. Shekara uku ba sa magana, tun da Mani ya ƙaryata shi gaban jama'a a wani taron suna. Ya rantse ba zai hau jirgi da wannan nauyi a wuyansa ba.

Arzika ɗan Mani, ma'aikacin gidan waya, shi ya hana shi tafiya Zariya. Ya ce bana za a karɓi mulkin kai, wa ke wahalar lori saboda kalma ɗaya? Zai haɗa su ta tarho, amma minti uku ne kawai, ya tafi kai tsaye ga magana.

Ran Litinin Mani ya kanga abin a kunne. Muryar Jinaidu ta fito siririya, ta tsufa. Suka shiga gaisuwa: gida, iyali, gajiya, zafin bana. Jinaidu ya tambayi ƙafar da Mani ya karya a filin makaranta, ya kira shi Gurgu, har suka yi dariya. Mani ya gyara murya.

"Jinaidu, dama abin da yas sa..."

Ƙit, layi ya mutu.

Mani ya girgiza abin, ya buga shi da tafin hannu. Arzika ya leƙo ya ce lokaci ya cika, wasu na jira, sai Alhamis kuma. Ai ya gaya masa.

"Mi kag gaya min? Mutumin da na shekara ukku ban ji muryatai ba, in hau shi da magana awa ɗan sanda? Yanzu cewa zai yi ni na katse shi."

Arzika ya fara bayanin ƙa'ida. Mani ya ce a ƙasar da ake yanke gaisuwar dattijai da agogo, su riƙe ƙa'idarsu. Ya saɓa riga ya nufi tashar mota.

Can Arzika ya cim masa yana haki, ya tarar har ya haye lorin Gusau, hanyar Zariya, ya zauna kan buhunan albasa. Ya roƙe shi ya sauko, in motar ta lalace a hanya jirgi zai tashi ya bar shi.

"In ya tashi ya tashi," in ji Mani. "Direba, mu tahi."