Motar da Ba a Turawa

Da hantsi saƙo ya iske Malam Ashafa a Kaura Namoda: mahaifinsa ya rasu a Birnin Tsaba. Za a jira shi zuwa azahar, domin tsohon ya bar wasiyya shi zai sallace shi.

Ashafa yana da tsohuwar mota 'yar Kwatano mai canza giya da kanta, wadda ya saya shekarar da aka ba mu jiha. Mako biyu ke nan allurar da ke nuna giya tana masa ƙarya, kullum yana cewa gobe zai kai ta gareji.

Ya murɗa makulli, shiru. Allura tana kan P, wato fakin, yadda ya bar ta.

"Batirinta na, Malam," in ji wani ɗan dako. "Mu tura ta."

Mu nan, duk motar da ta ƙi tashi turawa muke yi, ba mu san wani magani ba. Ƙarti shida suka tura ta daga kasuwar hatsi har tashar jirgi, suka juyo da ita. Motar haya ta Zurmi, mai bi ta Birnin Tsaba, ta tsaya, direban ya ce akwai wuri ɗaya. Ashafa ya ce ya gode, yanzu za ta tashi. Wannan maganar ita ke cin ransa har yau.

Ana kiran azahar aka samo Saminu makanike.

"Wa ya ce ku tura? Irin wagga ba ta tashi da turi. Kuma da a P take da gaske, ko motsi ba ta yi. Ba ku lura ba?"

Ya shiga ƙarƙashi. Wata 'yar roba ce ta cinye, wayar giya ta zame, akwatin giyar ya maƙale a R, wato ribas, shi ya sa ta ƙi tashi. Ya mayar, ya ɗaure da ƙarfe, motar ta tashi bugu ɗaya. Aikin bai kai minti goma ba.

Bayan la'asar ya isa. Ƙanensa Faruku ya tare shi a ƙofar gida, da jar ƙasa a gwiwoyin wandonsa.

"Mun jira, Yaya, har liman ya ce a ji tausan gawa."

Hawaye suka zubo wa Ashafa.

"Ni na ce ma Baba ya bar ma liman sallar, Kaura da nisa," in ji Faruku. "Ya yi dariya, ya ce ai yanzu kana da mota."