Takalmin Hagu

Dillalin yana ta kokawa da makullin ƙofar benen, bakinsa kuwa bai huta ba.

"Sista, wannan gida ko ni da nake nuna shi ƙyashin sayar da shi nake. Ɗaki huɗu a sama, falo biyu a ƙasa. In kika tsaya a baranda, har ƙarshen unguwa za ki hango. Amma don Allah a cire takalma, jiya aka wanke tayil."

Suka cire. Mijinta, wanda kowa ke kira Malam saboda shekarun da ya kwashe yana koyar da lissafi, ya shiga yana ta washe baki. Tun suna ɗaki ɗaya na haya yake mafarkin bene. Da safen nan sun duba wani gidan ƙasa a layin baya, mai ɗaki uku da bishiyar lemo a tsakar gida. Bai tsaya ko'ina ba sai a ƙofar banɗaki, ya dafa gefe da gefe, ya ce wannan ai kwalin ashana ne aka shafa wa fenti. Yau kuma tilas su zaɓi ɗaya, don mai gidan da suke haya ya ce su tashi ƙarshen wata.

Sista ce ta fara hawa. Shekararta ashirin da biyu a sashen gashin ƙashi na asibiti, tana koya wa masu shanyewar jiki tafiya a kan wata 'yar matakalar katako mai hawa huɗu. Aikin ya bar mata muguwar ɗabi'a: ba ta iya jin takun mutum ba ta auna shi ba. Ko a kasuwa, tana cinikin tumatir kunnenta yana kan ƙafafun mutane.

A bayanta ƙafar Malam ta dama ta sauka lafiya lau. Ta hagu ta daki bakin matakala, ƙwas.

Ta ce a ranta sabon wuri ne. A hawa na bakwai ta sake ji. A na sha ɗaya ma haka. Ba ta waiwaya ba. Ta san wannan ƙarar kamar yadda ta san muryar 'ya'yanta.

"Maman yara, zo ki ga duniya!" Malam ya kira ta daga baranda. Yana dariya, hannunsa kuwa ya damƙe ƙarfen barandar tamau.

"Ina zuwa. Na bar wayata a jaka."

Wayar tana aljihunta. Ta sauka da sauri, ta tsuguna a bakin ƙofa, ta kifa takalmansa. Wata biyu ke nan da ta saya masa su. Na dama bai ci ba sai ɗan kaɗan a dunduniya. Na hagu kuwa bakinsa ya goge har fatar ta yi fari, irin na mai jan ƙafa.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mata. Kofin shayin da ya suɓuce masa ya ce zafi ne. Maɓallin wuyan riga da ya daina sawa wai yana shaƙe shi. Ita da take gane ciwon baƙo daga ƙofar sashe, ta kwana ta tashi da wannan mutum ba ta ga komai ba. Ta tuna wani tela da ya fara zuwa wurinta da ƙafarsa yana zolayar ma'aikata, shekara biyu bayan nan sai ƙannensa ke ɗauko shi daga mota. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a kan gadon wani ba. Duk ɗakunan kwanan gidan nan a sama suke, kuma matakala goma sha bakwai ce.

Ta ji suna saukowa. Dillalin yana gaba yana yabon ƙarfen taga. Malam yana baya, idonsa a kan ƙafarsa, yana sauke ta ɗaya bayan ɗaya. Sista ta zuba masa ido har ya taka ƙasa, ta ma manta takalmin yana hannunta.

Malam ya kalli takalmin, ya kalle ta.

"To, Sista, me kika gani?" in ji dillalin. "Na san dai an gama magana."

"Gidan ya yi," ta ce. "Gwiwata ce ba za ta iya hawa da sauka kullum ba."

"Ke da kika sauko yanzu a guje? Malam, ka ji fa!"

Malam bai yi dariya ba. "Wace gwiwar, Maman yara?"

"Ta hagu."

Malam ya ɗaga kai ya dubi matakalar tun daga ƙasa har sama. Sannan ya ce wa dillalin ya je ya tayar da mota, za su koma kwalin ashana. Mutumin ya fita yana gunaguni, yana cewa mata dai sai a bar su.

Da suka rage su biyu, Malam ya zauna a hawa na farko.

"Ƙofar banɗakin can kawai za a faɗaɗa," ya ce a hankali. "Na auna ta ɗazu. Keken guragu ba zai shiga ba."

Hawaye ya cika mata ido. "Tun yaushe ka sani?"

"Wata huɗu. Likita ya ce in zo da ke, na kasa."

"Amma ka hau har sama? Da ka faɗo fa?"

"So nake in hango ƙarshen unguwar, ko sau ɗaya ne."

Ya miƙo hannu zai karɓi takalmin. Ba ta ba shi ba. Ta durƙusa, ta tallafo ƙafar kamar yadda take yi wa mutane kullum a wurin aiki, ta saka masa. Bai hana ta ba.