Jarkar da Munzali Ya Cika

Munzali mutum ne da ba ya iya ganin jarka a yashe ya wuce. Wannan hali nasa ne ya kusa ja masa abin da ba zai taɓa mantawa ba.

A wani gidan wanki yake aiki a unguwar Gubaira da ke Riyad, inda ake wanke zannuwan otal da fararen jallabiyoyi. Da ruwan oksijin suke fito da farinsu. Garau yake kamar ruwan famfo, amma nasu mai ƙarfi ne, ɗigo ɗaya ya taɓa fata sai wurin ya yi fari fat yana zafi. Sallah ta matso, Munzali ya ga jallabiyarsa ta dafe, ya roƙi shugabansu ya ba shi kaɗan daga ruwan. Maimakon ya nemi mazubin kirki, sai ya ɗura a tsohuwar jarkar Zamzam, da rubutunta da komai, ya ajiye a bakin ƙofa.

Da yamma ya duba, babu jarka. Wani abokin aiki ya ce ai Issoufou direba, maƙwabcinsa, ya biyo, ya ce bari ya rage masa kaya ya kai wa iyalinsa.

Nan take Munzali ya zaro wayarsa. Matarsa Raliya na da tsohon ciki, kuma ya san ta, in akwai Zamzam a gida ba ta buɗe baki da komai sai shi. Ya kira wayarta, tana ta ringi ba a ɗauka. Ta Issoufou a kashe. Ya faɗa tasi, amma Riyad gab da magariba cikin azumi kowa gida yake nema, motoci sun cushe. Yana ji aka fara kiran salla. Ya ɓalle ƙofa ya zura da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, tsoro kamar zai kashe shi.

Ya tarar da ita zaune a ƙasan kicin, kofi cike a gabanta, tana kuka tana istigfari.

"Kin sha?"

Ta girgiza kai, ta buɗe masa tafin hannunta. Ya yi fari fat. Ashe kafin ta kai baki ta ɗan zuba a hannu don ta shafa wa cikinta albarka, yadda mahaifiyarta ta koya mata.

Ya ja ta zuwa famfo ya sakar wa hannun ruwa, yana yi mata bayani.

"Maigida, ashe ba Zamzam ba ne," ta ce a hankali. "Ni tun ɗazu ina ta laluben zunubin da na yi har Zamzam ya ƙone ni."

Munzali ya kasa haɗa ido da ita. Ruwa na ta zuba a hannunsu, dabino na nan a faranti, babu wanda ya tuna bai sha ruwa ba.