Slavar Bana a Gidan Radisav

Takunkumin fuska kwali biyu. Ruwan wanke hannu. Ma'aunin zafin jiki. Magunguna cikin ledar asibiti. Hulunan ulu, duk jajaye, don Lenka ta ƙi kowace kala in ba ja ba. Sai kifi cikin ƙanƙara da dogon kyandir, waɗanda Baba ya yi ta bugo waya kada a manta da su.

Abin da muka ɗauko daga Belgirad ke nan. Mun wuce garin Valjevo za mu ƙauye gidan Baba, hanya ta fara hawa dutse. Ƙanena Nenad ne ke tuƙi. Matarsa Milena na baya, 'yarsu Lenka na barci a cinyarta. Shekararta huɗu. Tun kaka take kwance da sankarar jini, yanzu an sallame ta ta huta kafin a koma wani zagayen magani.

Likitar ba ta ɓoye mana komai ba. Maganin da ke kashe cutar ya cinye garkuwar jikin yarinyar. Murar da babba zai yi atishawa biyu ya manta, ita tana iya kai ta kabari. Ba taro, ba sumba, ba haɗa cokali da kowa. In zazzaɓi ya taso a taho nan take, ko hanya ta toshe da dusar ƙanƙara.

Washegari kuwa slavarmu ce, bikin waliyyin gidanmu, Nikola. A slava ba a gayyatar mutum sau biyu. Wanda ya taɓa zama a teburinka ran nan, shi da 'ya'yansa sun samu gayyata har abada. Ba wanda ya san yadda ake janye ta, don ba a taɓa yi ba.

"Ka gaya wa Baba?" na tambayi Nenad.

"Na gaya masa."

"Me ka ce?"

"Na ce a ɗan rage mutane."

"Shi ya ce me?"

"Ya ce to."

Da muka tsaya shan mai, Nenad ya shiga biya, Milena ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Yaya Gordana, ni suruka ce a gidan nan, ba ni da baki. Ƙaninki kuwa in Baba ya yi gyaran murya sai ya koma ɗan shekara bakwai. Ke dama an ce Jamus ta cinye miki kunya."

"Na gode."

"Ba zagi ba ne. Roƙo ne."

Karatu ya kai ni Hamburg a Jamus, aiki ya riƙe ni. Ciwon Lenka ne ya dawo da ni. Na zo da niyyar wanki da girki da zaman asibiti. Ban san wannan aikin za a ba ni ba.

Mun tarar Baba ya aro bencina daga makarantar ƙauye, ya jera su har bakin murhu. Ban taɓa ganin masu yawa haka a gidanmu ba. Ya taho da hannu biyu a buɗe zai ɗauki jikarsa, na tare shi da takunkumi da ruwan wanke hannu.

"Bajamushiya ta iso da dokokinta," in ji shi. Amma ya wanke, ya ɗaura. Ya durƙusa ya dubi Lenka. Ya ce hularta ta fi ta kowa kyau a ƙauyen.

Bayan an kwantar da ita a ɗakin baya, na nuna masa bencinan.

"Baba, wannan ne ragewar?"

"Kowa na tambayarta. In ce musu me? Tun da ta kwanta wa ya ɗebo mana masara? Wa ya faskara itacen nan? Su ne. Yanzu sun ce za su zo su yi mata addu'a, in kore su?"

"Ba a ce kada ka yi slava ba."

"Bana ne ma ta fi bukatar waliyyi. Kakana ya yi slava ana tsakiyar yaƙi, da burodin da bai kai tafin hannu ba, amma da baƙi a teburinsa. Slava ba baƙi ai zaman makoki ce."

Milena ta ajiye kwanon da ke hannunta ta fita. Baba ya gane abin da ya faɗa, ya shafa gemu.

Muka rabu a kan baƙi za su zauna a babban ɗaki, Lenka tana ɗakin baya, ƙofa a rufe. Ya rantse da kabarin Mama.

Washegari da hantsi maƙwabta suka fara shigowa. Kowa aka tare shi da tiren dafaffiyar alkama mai sukari, ya ɗebi cokali guda, ya yi alamar gicciye, ya mayar da cokalin cikin kofin ruwa. Haka ake yi. Tun rasuwar Mama, Zorka ce ke riƙe tiren. Matar kum ɗinmu ce, wato Stanimir, wanda ya yi wa Nenad uban baftisma, ya kuma yi wa Lenka, shi ya raɗa mata suna. A wurinmu kum ya fi ɗan'uwa na jini. Ko kare aka ce na kum ne ba a jifansa.

Na fita ɗebo itace. Da na dawo ban ga Zorka ba, ban ga tiren ba, ƙofar ɗakin baya kuma a buɗe.

Tana zaune a bakin gado. Ta ture hular Lenka baya, jan-bakinta na nan a goshin yarinyar da kumatu biyu. Ta ciro cokali daga kofin ruwan da mutum kusan goma suka tsoma nasu.

"Buɗe, 'yar tsuntsuwata. Albarka ce, ta fi allurarsu."

Milena na tsaye a jikin bango, tana murɗa gefen rigarta.

Na karɓe cokalin.

"Kai! Gordana, mahaukacin kare ne ya cije ki?"

"Inna Zorka, tashi mu fita."

"Ni ce baƙuwa a ɗakin nan? Ni da na yi wa ubanta wanka yana jariri? Ki bari kum ya iso ki gaya masa haka. Kwana uku tari bai bar shi ya rintsa ba, jikinsa kamar murhu, amma ya ce ko a makara sai an kawo shi ya ga 'yarsa."

Ta faɗi haka ne da alfahari. Gado ɗaya suke kwana.

Milena ta zame ta zauna a ƙasa. Na jiƙa auduga da ruwan wanke hannu na goge goshin Lenka da kumatunta. Ta ce, "Goggo, da sanyi." Ban sani ba ko gogewar na da amfani. Ba za mu sani ba sai nan da 'yan kwanaki, a kan ma'aunin zafi.

Na fito babban ɗaki na kama gefen tebur.

"Nenad, kama can."

Ya dubi Baba. Ya dubi ƙofar ɗakin da matarsa ke zaune a ƙasa. Ya kama. Muka fitar da teburin da kifinsa da wakensa zuwa rumfar da Baba ke dafa barasa, inda akwai murhu da bango uku. Muka dawo muka kwashi bencina. Mutane suka miƙe da kofuna a hannu, suka biyo abincin, wasu na dariya don sun zaci wasa ne.

"A Jamus a waje ake ci, ko?" in ji wani.

"A can ai ko uwarka sai ta rubuto kafin ta zo," wani ya amsa.

Baba yana tsaye gaban hoton waliyyi, ya rungume babban burodin slava da ba a riga an yanka ba, kyandir na ci a bayansa. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

Sai ga kum a ƙofar shinge, da sanda, da tulun zuma a hammata, mutane na biye da shi. Tun daga can ake jin tarinsa. Na tsaya a bakin ƙofa na cika ta.

"Barka da slava, Bajamushiya! Matsa in wuce, ko sai na nuna fasfo?"

"Barka da zuwa, Kum. Tebur na rumfa."

"Tebur na zo gani? Ina 'yata?"

"Za a ɗago maka ita ta taga."

Ya daina murmushi. Ya leƙa ta kan kafaɗata, ya kira Baba da sunansa.

"Radisav, kana ji? Ta taga, kamar mai kallon kaya a kanti. Ni na sa mata suna."

"Shi ya sa nake so ta daɗe tana amsa shi," na ce.

Baba ya taho bayana da burodin. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Gordana. Tun da kakana ya kafa ƙofar nan ba a taɓa rufe ta a fuskar kum ba. In kika yi, a ƙauyen nan za a riƙa nuna jikokinmu da yatsa."

"A nuna su, Baba. In dai suna da rai."

Kum ya sake sarƙewa da tari, ya dafa bango. Feshinsa ya sauka a kan dakalin ƙofar. Baba ya gani. Na ga ya gani. Amma bai iya faɗa ba, ba kuma zai taɓa iyawa ba. Shekara saba'in yana buɗe ƙofa.

Na ja gefe na ba Baba hanya.

"Baƙinka na jiran burodi. In ka fita, sai ka yi wanka ka sake kaya kafin ka shigo. In ka zauna, ka zauna da mu."

Ya dubi ɗakin baya. Ya dubi tsohon da suka yi kiwo tare tun suna yara, tsaye cikin dusar ƙanƙara da zumarsa. Ya tsallake dakalin ya fita, ya kama kum da hannu ɗaya.

"Zo, Kum. Yaran yanzu ne. Zo mu yanka."

Zorka na cewa wani abu game da tarbiyya. Nenad na tsakar gida da benci a kafaɗa, bai san inda zai ajiye ba. Ta taga na hango jar hula, Milena ta ɗago Lenka, tana ɗaga wa mutane hannu. Wasu matan suka fara kuka. Ba ɗayansu da ya zo da mugun nufi.

Na tura ƙofar, na murza mabuɗi, na zare shi na sa a aljihu. Na ɗaga murya yadda za a ji ta cikin katako.

"Har sai Lenka ta gama magani, mabuɗin gidan nan yana hannuna. Ba mai shiga. Wanda ke neman wadda zai zaga, ba Milena ba ce, ni ce."