Ranar da Na Jefa Kambun Matattu

Ni na fara ganin ta. Ku riƙe wannan tukuna, don yanzu a garinmu Porz Kaouen kowa ya zama mai ido. Mai gidan burodi ma cewa yake daga tagarsa ya hango, alhali tagarsa bayan coci take kallo. Jirage arba'in da uku ne a ruwa ran nan, mutanen da ke kan katangar teku sun fi dubu, amma ni Visant Le Goaster, mai shekara saba'in da tara, wanda aji uku kacal ya yi a makaranta, ni kaɗai idona ke buɗe.

Ranar addu'ar teku ce, Lahadi ta biyu a watan Agusta. Tsarinmu bai taɓa canzawa ba tun ina yaro. Jirage kan jeru su fita ta mashiga ɗaya bayan ɗaya, ba mai ta da inji, da iska kawai ake tafiya. Ba kuma mai buɗe baki. Daga barin tasha har zuwa wurin da Fada, limamin cocinmu, zai karanta sunayen waɗanda teku ta ci, kowa hularsa a hannu, kansa a sunkuye. Ni nake tsayawa a goshin jirgin gaba da kambun furanni, domin cikin mu shida da jirginmu ya kife shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ni kaɗai na dawo. Awa goma sha ɗaya na yi rungume da murfin rumbun kifi. Likita ya ce ko doki ba zai rayu ba. Na ce masa ai ni ba doki ba ne.

In mun isa wurin, sai in ɗaga hannu sama. Alamar ke nan. Duk jiragen baya su matso, su kewaye mu gefe da gefe, sannan in sauke kambun a hankali da igiya. Ba a jefawa.

Su kuma 'yan falanki, masu tsayawa kan katako riƙe da ƙyallen iska, an hana su shiga jerin. Ni ne ma na fi kowa ɗaga murya a taron da aka hana su, kuma ban ji kunya ba. Duk lokacin zuwan baƙi sukan cika bakin yashi kamar fara, su ratsa gaban jirgi ba sallama, su faɗi, su tashi suna dariya. Na ce abin da ba shi da ciki ba jirgi ba ne.

Jirgin gaba na Gwilherm ne, ɗan ƙanwata Marivon. Tsohon jirgin katako mai jajayen ƙyallaye, nauyinsa tan ashirin, ba ya jin magana da wuri. A ciki akwai Fada Tugdual, da gwauraye mata tara da teku ta ci mazansu, a baƙaƙen kaya, sai ni. Ruwa ya fara janyewa, igiyar ruwa tana jan mu waje fiye da yadda iska ke turawa. Mashigarmu kuwa faɗinta bai kai taku hamsin ba: katanga a hagu, duwatsu a dama.

To ni ba na sunkuyar da kai. Na gaya wa Fada tun tuni, wanda ya sunkuya a teku shi ake karanta sunansa baɗi.

Can gaba, daidai inda katanga ke tare iska, na hango wani abu shuɗi kwance a kan ruwa. Da fari na ce leda ce. Sai na ga falanki a gefe, ba kowa a kai. Sai hannu ya fito daga ƙarƙashin ƙyallen, ya daki ruwa sau biyu, ya koma.

Na san abin da ya faru ba sai an gaya mini ba. Iska ta ɗauke masa a bayan katanga, ya faɗi, ƙyallen ya rufe shi, ƙugiyar da suke ɗaurawa a ƙugu ta maƙale. Ruwa kuma na kawo shi tsakiyar hanya, inda tan ashirin ɗinmu zai bi. Tsakaninmu bai fi taku sittin ba. Gwilherm yana can baya riƙe da sandar tuƙi, babban ƙyallen gaba ya tare masa duk gefen hagu.

Hannuna ya kusa tashi da kansa. Na danne shi. In na ɗaga hannu, jirage arba'in da biyu za su ɗauka lokaci ya yi, su rufto kan wannan ɗan wurin.

Sai na yi abin da ba a taɓa yi ba tun da aka gina cocin garinmu. Na buɗe baki.

"Mutum a ruwa! Gwilherm, karkata dama!"

Ba wanda ya ɗago. Soaz, matar marigayi shugaban jirginmu da ya kife, wadda ke kusa da ni, ta sa mini gwiwar hannu a haƙarƙari.

"Rufe mana baki, tsohon banza," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tun da safe ka fara sha?"

"Ko ɗigo ban taɓa ba. Dubi can!"

"Ba na dubawa. Bara waccan ma haka ka yi mana."

Wannan magana tana da tushe, ba zan ɓoye ba. Wata shekara na ɗan kira sunayen abokaina da ƙarfi a daidai wurin nan, na ce ina ganin su. Rana ce ta buge ni, ba wani abu ba. Amma garin nan ba ya mantuwa, shi ya sa duk suka ɗauka abin ne ya dawo. Fada ya matso, idonsa a littafi, ya dafa kafaɗata.

"Baba Visant, yi haƙuri. Suna wurin Ubangiji, ba sa cikin ruwa."

"Fada, wannan bai kai wurin Ubangiji ba tukuna, mu ne za mu kai shi!"

Taku arba'in. Hannun ya sake fitowa, wannan karon da kai. Gashi ja, an ɗaure shi baya. Rozenn ce, nas ɗin garinmu, mai zuwa yi mini allura duk Talata. Ubanta Herve yana cikin biyar ɗin da ban dawo da su ba. Tana da shekara tara a lokacin. Ashe duk shekara takan bi mu daga nesa a kan falankinta, ta tsaya bayan katanga inda ba mai ganin ta, don ta ji an kira sunan ubanta. Ba ta da jirgi, cikin namu kuma gwauraye kawai ake ɗauka.

Ta ja numfashi ɗaya, ƙyallen ya sake danne ta.

"Gwilherm! Ɗan Marivon! In ba ka leƙa ƙarƙashin ƙyallen nan ba, na rantse da Allah da hannuna zan jefa ka!"

"Kawu, don Allah," ya ce, muryarsa kamar ta mai lallashin jariri, "mutane na jin ka."

"Su ji! 'Yar Herve ce!"

Sunan ne ya ɗago kan Soaz. Ta duba, ta saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mace ba. Sai a lokacin Gwilherm ya durƙusa ya leƙa. Na ga fuskarsa ta yi fari fat. Ya jefa duk jikinsa kan sandar tuƙi.

Jirgin bai juya ba. Haka yake, sai ya yi tunani. Taku ashirin. Goma sha biyar. Goshin ya fara karkata kaɗan-kaɗan, kamar saniyar da ba ta son barin ciyawa. Na auna da ido, na san ba za mu kauce wa falankin ba. Ita kaɗai za a iya cirewa.

Kambun nan gwauraye ne ke saƙa shi a kan tsohon zoben ceto, don ya daɗe yana yawo a saman ruwa. Kwana uku suka yi a kansa. Igiyarsa taku ashirin ce, tana naɗe a hannuna. Na jira har kanta ya sake fitowa. Ta samu ta ɓalle ƙugiyar, amma ƙarfinta ya ƙare, idonta na kallon goshin jirgi yana zuwa mata.

"Rozenn! Kama!"

Na wurga. Ku tambayi duk wanda ya taɓa jefa igiya, zobe mai nauyin furanni jiƙaƙƙu, daga jirgi mai tafiya, da kafaɗa irin tawa da aka yi wa aiki sau biyu, ba wasa ba ne. A kan ƙirjinta ya sauka. Ta zura hannu ɗaya ciki.

Na fizge ta gefe, goshin jirgi ya hau falankin. Ƙarar karyewarsa har kan katanga an ji. Igiya ta miƙe, ta zare fatar tafina, na naɗa ta a turken goshi tare da ɗan yatsana na tsakiya. Na ji ƙashin ya karye. Ban saki ba. Rozenn na jan jiki a gefen jirgi, kanta na shiga yana fita, furanni na watsewa a bayanta.

Sai na ji Fada ya ce, "Wayyo, suna zuwa."

Na waiwaya. Wurgin da na yi, hannuna ya tashi sama. Na baya ba su ji ihu ba, hannu kawai suka gani. Ga su nan suna matsowa cikin ladabi, kai a sunkuye, gefe da gefe, kamar yadda aka koya musu. Na farko wani farin jirgi ne dogo na wani likitan haƙori daga Paris, kuma ta hagu ya nufo, daidai inda Rozenn take rataye. In gefensa ya haɗu da namu, ko kifi ba zai fita da rai daga tsakani ba.

"Koma baya!" Gwilherm ke ihu. "Koma, malam!"

Mutumin ya ɗago, ya sa yatsa a leɓe, wai mu yi shiru. Mu! Shekararsa biyu a garin.

"Inna Soaz, ku kama igiya!" na ce. "Fada, ajiye littafin nan!"

Gwauraye tara suka kama, mafi ƙuruciyarsu ta haura sittin. Fada ya zauna a bakin jirgi, ya miƙa ƙafafu biyu waje da rigarsa ta coci, ya tokare farin jirgin. Ƙato ne, ɗan manoma, amma na ga gwiwoyinsa na lanƙwashewa. Tsakanin jiragen ya rage kamu uku. Biyu.

"Ku ja, 'yan mata!" na ce.

"Uwarka ce 'yan mata," in ji Soaz, tana ja.

Na kwanta da ciki, na zura hannuna mai lafiya, na damƙi ɗamarar ƙugun Rozenn. Muka ɗago ta ta faɗo kan katako, zoben na hannunta. Ko numfashi uku ba a yi ba jiragen suka haɗu, gau, har Fada ya wuntsila baya, takalminsa ɗaya ya faɗa ruwa.

Ta yi ta aman ruwa. Soaz ta cire baƙin mayafinta ta rufe ta. Da ta samu magana, hannuna ta kalla.

"Baba Visant, wa ya ce ka naɗa igiya da yatsa? Kawo in gani."

"Ke da aka tsamo yanzu?"

"Kawo, na ce."

Ba mu koma ba. Muka ƙarasa wurin, Fada ya karanta sunaye da ƙafa ɗaya ba takalmi. Abin da ya rage a zoben bai fi furanni bakwai ba. Na kasa riƙe igiya, sai Soaz ta ɗauka ta miƙa wa Rozenn ba ta tambayi kowa ba. Ita ta sauke shi, tana rawar sanyi, daidai lokacin da aka kira Herve.

Yatsan bai miƙe ba har yau. Maganar 'yan falanki kuma ban janye ba, ita kaɗai na ware.

Wanda duk ke cewa ƙari nake yi, ga hanya mai sauƙi. Ya zo ranar da ruwa ke janyewa, in ara masa falanki, ya kwanta a bayan katanga ƙarƙashin ƙyalle. Zan sa Gwilherm ya fito da jirgi, ni kuma in tsaya a goshi in sunkuyar da kai kamar sauran. Ya zaɓi duk mai idon da ya ga dama a garin nan ya tsaya kusa da ni. In ya isa, ya zo.